Ɗaukar Hoton Yara a Sararin Daura

Babbar matsalar mai ɗaukar hoton yara a fili a Daura ita ce rana. Daga hantsi zuwa azahar haske kan sauko tsaye a ka, ya jefa inuwa cikin idanu, yaro kuma ya dinga runtse ido. A ranakun Sallah da bikin Gani, lokacin da yara ke fitowa cikin farar shadda zuwa ƙofar fadar Sarki, abin ya fi tsanani: kyamara kan auna hasken farin kaya, fuska ta fito duhu. Maganin shi ne a auna haske a kan fuskar, ko a kai yaron inuwar dalbejiya, ko a jira bayan la'asar.

Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana tausasa haske, amma ƙurarsa tana dusashe launi, tana shiga gilashin kyamara.

Yara ba sa tsayawa wuri ɗaya. Mai gudu bayan dawakin hawa sai da saurin ɗauka kamar 1/500 na daƙiƙa. Da zarar sun ga kyamara kuma sai su yi dafifi, ko su ƙame. Gwani yakan durƙusa daidai tsayinsu, ya jira har su manta da shi.

Mafi nauyi shi ne izini. Baƙin da ke zuwa rijiyar Kusugu sukan ɗauki hoton almajirai su watsa a Facebook. Wannan bai dace ba; a fara tambayar iyaye ko malaminsu.