Tsohon Keke, Sabon Aiki: Abin da Raleigh da Phoenix Ke Karɓa da Abin da Ba Sa Karɓa

A gidaje da yawa a Kano, Zariya, Katsina ko Maraɗi, akwai wani baƙin keke da aka jingine a zaure ko bayan rumbu, tayoyinsa sun sace, sarƙarsa ta daskare. Na kaka ne ko na baba. Shekaru babu mai kallonsa sai 'yan gwangwan da ke taya shi da kuɗin kilo. Tun bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, lissafin ya ɗan sauya: abin hawan da ba ya shan mai ya sake samun daraja, kuma bidiyoyin farfaɗo da tsofaffin kekuna a YouTube da TikTok sun sa wasu matasa sun fara kallon wannan tarkace da wani ido.

Sha'awar ba sabuwa ba ce a duniya. A garin Gaiole na ƙasar Italiya ana yin tseren L'Eroica tun 1997, inda ake hawa kekunan tsere irin na 1987 zuwa baya. A Turai da Amurka masu wannan sha'awa sun rabu biyu: masu mayar da keke yadda ya fito daga masana'anta, da masu ɗora masa kayan zamani. A nan ƙasar Hausa, inda keken zai koma kan titi ne ya ɗauki buhu ko ya kai yaro makaranta, yawanci ana son duka biyun. Matsalar ita ce tsohon keke yana karɓar gyara kusan ba iyaka, amma akwai wasu wurare ƙalilan da yake ƙin kayan zamani ƙememe. Wanda bai san su ba zai kashe kuɗi a banza, ko ya haɗa abin da zai kayar da shi.

Wane keke ne a hannu?

Raleigh, wanda ake kira Rali, kamfanin birnin Nottingham ne na Ingila da ya faro a shekarun 1880, kuma an taɓa harhaɗa kekunansa a Kano. Tambarinsa kan zarɓe ne a gaban firam. A 2002 kamfanin ya daina haɗa keke a Nottingham. Kekunan China da Indiya da suka cika kasuwa daga baya, wato Phoenix na Shanghai, Flying Pigeon na Tianjin da Hero na Ludhiana, duk sun ɗauki fasalin keken Ingila ne: taya inci 28, birkin sanda, firam na ƙarfe mai nauyi. Shi ya sa kayan wannan kan shiga wancan, kuma shi ya sa har yau ake samun kayan gyaransu a wajen masu gyaran keke na bakin titi.

Amma kamannin na waje ne. Raleigh na Nottingham yana da zaren noti irin nasa a wuya da kuma gindin feda: zare 26 a kowane inci, alhali ma'aunin da ya zama gama-gari 24 ne. Sabon kofin boris zai shiga zagaye ɗaya ko biyu sannan ya cije. Idan aka tilasta shi da sifana, zaren firam ɗin ya tafi, kuma daga nan sai walda. Don haka idan tsofaffin kofunan ba su rarake ba, a wanke su a mayar, a canza ƙwayoyin boris kawai.

Wanda ya yi sa'a keken yana da giya uku ta Sturmey-Archer a cikin cibiyar tayar baya, to shekarunsa ma a rubuce suke. A jikin cibiyar ana buga lambobi, misali 74 da 6, ma'ana watan Yunin 1974. Samfurin AW, wanda ya fito tun 1936, yana da taurin rai: sau da yawa 'yan ɗigon mai ta ƙaramar kafar da ke jikinsa da daidaita waya sun isa su tashe shi.

Kafin a sayi ko da ƙararrawa, firam ake dubawa. Tsatsar sama ba komai ba ce. Abin tsoro shi ne tsaga a mahaɗar bututu, ko kumburin fenti a bayan wuya, alamar keken ya taɓa yin karo gaba da gaba. Haka nan ƙafafun gaba idan sun lanƙwashe baya. Kekunan da suka yi shekaru suna dakon itace ko jarkokin ruwa sukan zo da walda a kan walda, kuma irin wannan ya fi dacewa a cire masa kaya a bar firam ɗin.

Wanki kafin fenti

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar kai keke wajen mai fenti. Baƙin fentin da masana'antun da suke gasawa a tanda ya fi na gwangwanin fesawa ƙwari nesa ba kusa ba, kuma a kansa ne siraran layukan zinariya da rubutun kamfani suke. Da zarar samfefa ta bi ta kai, ba a dawo da su. Ruwan sabulu, tsumma mai laushi da man goge mota kan fito da baƙin da mai keken kansa ya manta yana nan. A kasuwar masu tara kayan tarihi, keke mai fentinsa na asali, ko da ya ƙuƙƙuje, yakan fi wanda aka sake fesawa daraja. In kuma an ci karo da tsohuwar lambar lasisin keke ta hukuma a maƙale a jiki, a bar ta a wurinta.

Sassan da ke sheƙi, kamar kan keke, sandunan birki da rim, ana goge su da takardar alminiyam da aka dunƙule aka tsoma a ruwa. Ta fi rufin sheƙin laushi, saboda haka tana cire tsatsa ba tare da ta ƙarce shi ba. Ƙananan notuna kuwa a jiƙa su a ruwan khal ko ruwan lemon tsami su kwana, a ɗauraye, a busar, a shafa mai nan take, in ba haka ba tsatsar za ta dawo kafin la'asar. Kananzir na narkar da tsohon giris da ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar ƙwalta.

Akwai tarkuna biyu wajen kwancewa. Fedar hagu zarenta a juye yake, haka ma kofin dama na gindin feda, wato ana kwance su ta ɓangaren da aka saba ɗaurewa. Na biyu shi ne 'yar ƙusar da ke riƙe hannun feda, wadda masu gyara ke kira kota. Idan aka dake ta da guduma ba tare da an tokare hannun fedar daga ƙasa ba, bugun yana sauka ne a kan boris ya lotsa kofi. Kota ta Ingila milimita 9.5 ce, ta Faransa 9, kuma ƙaramar ba ta zama a ramin babbar. Ita ce sanadin fedar nan da ke yin ƙwas-ƙwas a kowane zagaye.

Ƙwayoyin boris na daga cikin abu mafi arha a jikin keke, kuma su ne suka fi sauya yadda yake tafiya. Na gindin feda da tayar baya galibi rubu'in inci ne, na tayar gaba 3/16, na wuya 5/32. Sababbi da giris mai kyau kan sa keken da ya shekara 50 ya riƙa zamewa shiru.

Rikicin inci 28

Masu sayen kaya ta intanet sun fi faɗawa wannan rami. Tayar tsohon keke da aka rubuta wa 28 x 1½ tana zama a rim mai faɗin milimita 635. Tayar kekunan zamani, wadda wasu kamfanonin Turai ke kira inci 28 ita ma, 622 ce. Akwai kuma ta inci 27, wadda ke 630. Babu wadda ke shiga rim ɗin wata. Lambar da za a nema a gefen taya ita ce irin 40-635, ba incin ba. Haka batun yake ga inci 26: na ƙananan kekunan Ingila 590 ne, na kekunan hawa dutse 559.

Canjin da ya fi biyan kuɗinsa kuwa ba ya ɗaukar ido. Waɗannan kekuna sun zo da giya mai nauyi. Idan faifan gaba na da haƙori 46, na baya 18, kowane zagayen feda yana tura keke kusan mita 5.7. A sa na baya mai haƙori 22, ya koma kusan mita 4.7. Gudu zai ragu kaɗan, amma tashi da kaya, hawan gada da ratsa yashi za su yi sauƙi, gwiwa kuma ta huta. Abin da ake buƙata shi ne sabon faifan da ƙarin 'yan gaɓoɓi a sarƙa.

Wuta daga taya

Dinamon da ke gogar gefen taya yana ba da volt 6, watt 3. Da tsohon ƙwan fitila, haskensa bai wuce na aci-bal-bal ba. Da fitilar LED da aka ƙera don dinamo, wutar nan ɗin dai ta isa ta haska hanya sosai, kuma wasu fitilun suna riƙe haske na 'yan mintuna bayan an tsaya.

Ana iya cajin waya da shi, amma da sharaɗi. Wutar dinamo mai kai-komo ce, ƙarfinta kuma yana hawa da sauka tare da gudu, saboda haka sai an bi da ita ta na'urar da ke miƙar da ita ta tsayar da ita a volt 5. Ko an yi hakan, abin da ke fitowa bai wuce rabin amfiya ba, alhali cajar gida ta zamani tana ba da ninkin wannan sau da yawa. Dabarar da ta fi ita ce a riƙa cika ƙaramin fawa-bank a hanya, daga baya a ɗura wa waya. Haɗa waya kai tsaye da dinamo hanya ce ta ƙona ta.

Batun lantarki

A nan ne kuɗi da haɗari suka fi yawa. Kayan mayar da keke na lantarki sun wadata a shagunan intanet: injin da ke cikin cibiyar taya mai watt 250, batirin volt 36, da akwatin sarrafawa. Batiri mai amfiya-awa 10 yana ɗauke da watt-awa 360, abin da kan kai mutum wajen kilomita 30 ko fiye idan yana taimakawa da feda, kuma caja mai amfiya 2 tana cika shi cikin kimanin awa biyar. A takarda, ɗora wannan a kan keken kaka abin sha'awa ne.

A aikace keken yana turjewa ta ko'ina. Injinan gaba an yi su ne don tazarar milimita 100 tsakanin ƙafafun gaba, na tsohon Raleigh kuwa sun fi haka matsewa, ramin da gatari ke zama ma ya fi ƙanƙanta. Mafi yawan injinan na da ramin waya 36, su kuwa tsofaffin ƙafafun irin na Ingila 32 ne a gaba, 40 a baya, don haka sai an nemo wani rim an sake saƙa shi. Duk wannan bakanike mai haƙuri zai iya shawo kansa. Fiƙe ramin gatari don injin ya shiga kuwa yana rage naman ƙarfen daidai wurin da injin zai riƙa murɗawa, kuma idan babu ƙarfen tokare da ke hana gatarin juyawa, yana iya buɗe ramin tayar gaba ta fice ana cikin tafiya.

Abin da ba a iya shawo kansa cikin sauƙi shi ne birki. Birkin sanda yana jan roba ne sama ta matse cikin rim na ƙarfe mai santsi. A rani, a gudun kilomita 15 a awa, ya wadatar. Da damina, idan rim ya jiƙe, tayar kan yi zagaye da yawa kafin robar ta kama komai. A ƙara nauyin batiri da injin, a kai gudun 25, a sa a cunkoson 'yan adaidaita sahu, lissafin ba ya fita. Robar birki mai fata a fuska tana taimakawa a jiƙe, cibiya mai birkin ganga a ciki ta fi, sai dai in injin ya riga ya mamaye cibiyar gaba, babu wurin sa ta a can.

Wanda burinsa keken lantarki ne, ya fi masa ya nemi keken hawa dutse na ƙarfe irin na shekarun 1990 a cikin kayan gwanjo. Tazarar ƙafafunsa ita ce ta zamani, rim ɗinsa galibi alminiyam ne, birkinsa kuma yana kamawa ko a ruwa. Shi ma tsohon keke ne da aka ceto, kuma kayan suna shiga ba tare da zarto ba.

Sai batiri. Saboda tsada, wasu kan haɗa nasu da ƙwayoyin 18650 da aka ciro daga matattun batiran laftof. Batirin volt 36 jeri goma ne na ƙwayoyi, yana kaiwa volt 42 idan ya cika, kuma dole ne ya kasance da allon kariya da ke lura da kowane jeri. Ƙwayoyin da ƙarfinsu ya bambanta, ko waɗanda aka liƙa da dalma har suka sha zafi, su ne kan kama da wuta, kuma wutar litiyam tana da wuyar kashewa, tana iya sake tashi bayan an zaci ta mutu. Zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba ya taimaka mata. Ba a cajin irin wannan batiri a ɗakin kwana, ba a barinsa a rana, ba a kuma tafiya barci a bar shi a jone.

Ga baƙin keken da ke zaure, abin da ya fi dacewa da shi bai wuce sababbin boris da taya mai lamba 635 ba, da faifan baya mai haƙori 20 ko 22, robar birki mai kyau da fitilar LED. Idan sirdinsa na fata ne, musamman in akwai sunan Brooks a bayansa, kada a jiƙa shi da baƙin mai kamar yadda wasu ke yi, domin fatar za ta saki ta zube. Ɗan man fata ake shafa masa a ƙasa da sama, a bar shi ya sha, sannan a ɗaure notin da ke ƙarƙashin hancinsa rubu'in zagaye kawai. Duk wani tsohon ƙarfe da aka cire kuma, ko da noti ne, a ajiye shi a gwangwani, domin mai zare 26 ba kowane shago ke da shi ba.