Koci OBJ: Ba'amurken da Ya Zama Ɗan Samaru



Kowa ya san garin nan namu na Jos na 'yan tamaula ne. Nan aka haifi Mikel Obi, nan aka haifi Ahmed Musa, kuma har gobe dattawa ba su gaji da labarin Mighty Jets ba. Amma in ka yi sammako cikin sanyin nan namu mai ratsa ƙashi, ka bi ta gefen wani filin siminti, wata ƙara za ka ji daban: dum, dum, ƙwallo na dukan ƙasa. Dogayen yara ne ke guje-guje, wani da takalmin aro, ragar kwandon ta daɗe da tsinkewa, saura zoben ƙarfe. A gefe ga wani mutum tsaye da usur a wuya. Irin wannan mutumin ne zancenmu na yau, sai dai za mu ɗan taka zuwa Zariya.

Sunansa Oliver B. Johnson, amma 'yan ƙwallon kwando OBJ suke ce masa. A'a, ba tsohon shugaban ƙasa ba, laƙabi ne ya zo ɗaya! Ba'amurke ne da ya shigo Afirka ta shirin Peace Corps, na matasa 'yan sa-kai da Amurka ta fara turowa a 1961. Akasarinsu shekara biyu suke yi su tattara komatsansu. Shi kuwa ya yi zamansa, ya shafe gomman shekaru yana horar da 'yan wasa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.

Ku dubi abin da ya baro. A ƙasarsu kocin jami'a babban mutum ne. Mike Krzyzewski ya riƙe ƙungiyar kwando ta Jami'ar Duke daga 1980 zuwa 2022, ya ci kofin ƙasa sau biyar, albashinsa miliyoyin daloli. A nan kuwa koci shi ne malami, shi ne uba. Shi zai nemo ƙwallo, ya ɗaure targaɗe, ya bi ɗalibi ya ga ko ya shiga lacca, sannan ya je ya lallashi mahaifin da ke ganin wasa shiririta ce. In yajin aikin malamai ya zo, ƙungiyar da aka yi wata shida ana haɗawa ta watse, a sake sabon lale. Babbar gasarsa ita ce NUGA, wasannin jami'o'in Najeriya da aka fara a 1966, ita ma sai a shekara biyu ko fiye ba a yi ba.

To, cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai wani ɗan Zariya, mahaifiyarsa likita, wanda sai da ya kai shekara 13 ya bar tamaula ya koma kwando. Mujallun wasanni da kaset-kaset na bidiyo ne suka nuna masa Hakeem Olajuwon, amma riƙon ƙwallo da tsayuwar ƙafa a filin Zariya ya koya. Masai Ujiri ke nan. A fagen wasa bai yi wani tashe ba, ya buga wa wata ƙaramar kwaleji a Bismarck, ya ɗan zaga Turai. Ido gare shi na gane yaro mai baiwa, kuma ni dai ina ganin wannan idon gadon koci ne. Ya fara farauto wa Orlando Magic 'yan wasa ba ko sisi, ya shugabanci Denver Nuggets a 2010, ya koma Toronto Raptors a 2013, a 2019 suka ɗauki kofin NBA. Ya sha ambaton OBJ in ana tambayarsa mafarinsa. Tun 2003 kuma gidauniyarsa ta Giants of Africa ke tara yara ana horar da su, ana gina musu filaye.

Mu dawo gida. Muna da Plateau Peaks ta maza, wadda ta sha karawa da Kano Pillars da Gombe Bulls a shiyyar Savannah, ga Plateau Rocks ta mata, ga Jami'ar Jos da ɗalibanta. Gobe da asuba ma wani koci zai riga yaransa isa fili, ya share yashin da iska ta tara a kan simintin, ya ba ƙwallo iska da famfon keke kafin ya busa usur.