Tsohuwar Land Rover: A Ta Da Ta, Ko A Bar Ta?

Jama'a, kowa ya san wahalar da manomin ƙasar Kankia da Kusada ya ke sha wajen fid da amfanin gona. Wanda gonarsa ta ke bakin titin Kano zuwa Katsina ba ya da kuka. Amma mutumin Kunduru ko Gyaza, wanda gonarsa ke can cikin jigawa, da rani rairayi ya riƙe mota, da damina kuwa rafi ya tare hanya. Saboda haka ne waɗansu su ke tambayarmu, wai ko ya kyautu su sayi tsohuwar Land Rover irin waɗanda a ke gani a yashe bayan gareji, su riƙa gyaranta kaɗan kaɗan har ta tashi. Waɗansu sha'awa ce ta ja su, waɗansu kuwa neman abin sufuri. To, ga abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya kwance bakin jakarsa.

ASALINTA

Motan nan tun farko don manomi aka yi ta. Wani injiniya na kamfanin Rover a Ingila, Maurice Wilks, yana da gona, yana aiki a cikinta da jif ɗin soja na Amurka wadda ta saura daga Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ne ya ga ya kamata su ƙera tasu. Aka fara nuna ta a birnin Amsterdam cikin shekarar 1948. A lokacin ƙarfe ya yi wuya a Ingila, sai aka yi jikinta da alminiyum. Shi ya sa har yau za ka ga jikin bai yi tsatsa ba, ko da ta shekara hamsin a rana.

Samfuri na biyu ya fito a 1958, na uku a 1971, aka daina yinsa a 1985. Akwai gajera mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, akwai doguwa mai inci 109. Doguwar ita ce ta manomi, gama kayan da aka yi ta dominsu sun kai kashi uku cikin huɗu na tan, watau wajen buhu bakwai na dawa mai kilo 100. Ba buhu ashirin ba, kamar yadda waɗansu ke lafta mata.

ABIN DUBAWA KAFIN SAYE

Kada kyan jiki ya ruɗe ka. Ran motan nan yana ƙarƙashi, a firam ɗin ƙarfe da jikin ke zaune a kai, shi kuwa yana tsatsa. Ka shiga ƙarƙashinta da ƙaramar guduma, ka bi firam ɗin kana ƙwanƙwasawa tun daga gaba har baya. Ƙarfe mai lafiya ya kan yi ƙara rau. Inda ka ji sauti ya mutu, ko ka ga ɓamɓaroki na zubowa, nan ya ruɓe. Ka fi mai da hankali ga ƙarfen gicciye na baya, da wuraren da sifirin ke maƙale, da inda direba ke ajiye ƙafa. Ƙaramin rami mai walda ya iya toshe shi. In kuwa firam ya lanƙwashe ko ya ruɓe ko'ina, ka bar ta ko da kyauta ce. Araha ba ta ado.

Sa'an nan ka duba takardu. Lambar da ke jikin firam ta yi daidai da ta takarda, mai sayarwa kuma ya rubuta maka shaidar ciniki gaban shaidu. Ku tuna fa, ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, saboda haka yawancin waɗanda aka shigo da su kafin nan sitiyarinsu a dama ya ke. In irin wannan ce, ka fara zuwa ofishin lasin ka ji hukuncinta tukuna.

YADDA AIKI ZAI BI

Masu sha'awa da yawa da fenti su ke farawa, kuɗi ya ƙare mota ba ta motsa ba. Ga yadda ya fi:

Na farko, firam. A sauke jiki, a kankare tsatsa, a yi walda, a shafa fenti mai kauri. Inda alminiyum ya taɓa ƙarfe a sa roba a tsakani, don in sun haɗu da laima sai alminiyum ya riƙa cinyewa ya zama farin gari.

Na biyu, birki da sitiyari. Nan ne rai ya ke. Tsofaffin samfuri layin man birkinsu ɗaya ne tak, in ya fashe a wuri guda duk ƙafa huɗu sun rasa birki. A sake bututu da robobi duka da sababbi. Kada a sa na gwanjo a nan ko kaɗan.

Na uku, giya da aksul. A zubar da tsohon mai, a duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe a ciki, a zuba sabon man giya mai lamba 90. Kada a manta da ƙwallayen nan biyu na bayan tayoyin gaba, su ma suna shan mai.

Na huɗu, inji. Yawancinsu injin lita biyu da kwata ne, mai fistin huɗu, akwai na fetur akwai na gas. Ba shi da kwamfuta ko ɗaya, duk bakaniken da ya san aikinsa ya iya buɗe shi. Sai dai notocin tsofaffin da awon inci aka yi su, sifana ta milimita tana cinye musu kai. A nemi sifanar da ta dace. A wanke lagireto sosai, domin zafin Afrilu ba ya yafe wa injin da ruwansa ba ya zagayawa.

Na biyar, waya da fitilu. Fenti shi ne na ƙarshe.

Kayan gyara a kan neme su a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna. Ka tafi da tsohon a hannunka a gwada, kada ka sayo da ka.

GYARE-GYAREN DA KE DA AMFANI

Waɗanda aka yi kafin 1967 da dainamo su ke cajin batir, wayarsu kuma a juye ta ke. Sa mata altaneta da sake wayar abu ne mai kyau. Rufi mai hawa biyu, wanda iska ke bi ta tsakaninsa, yana rage zafi ƙwarai. Matacin iskar nan nata mai mai a ƙasa kuwa kada a cire shi, gama ya dace da ƙurar hunturu. Wanke shi kawai a ke yi a sake mai.

Babbar magana ita ce sake inji. Mai fetur ba ta cika wuce kilomita shida ko bakwai a lita ɗaya ba, tun kuwa da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023 wannan ya zama abin lissafi. Injin gas ya fi tsimin mai. Amma in ka ɗora inji mai ƙarfin da ya fi na asali nesa, giya da sandunan aksul na baya su za su biya bashin. Galibi kuma da kaya a kai su ke karyewa, a tsakiyar daji. Haka nan manyan tayoyi da tulin kaya a bisa rufi suna sa mota ta kife a gangara. In an sake inji, a kai takardu a gyara lamba.

TUƘI

Ban da sandar giya akwai waɗansu biyu. Mai rawayan kai, in ka danna ta, tayoyi huɗu duk sun kama. Mai jan kai, in ka ja ta baya, mota ta shiga ƙaramar giya ta laka da hawa. Da ka hau kwalta sai ka mai da ita taya biyu, in ba haka ba giya ta ɗaure, taya ta cinye. A cikin rairayi a rage iskar taya kaɗan, a mayar in an fita. Rafin da ke gudu da ƙarfi cikin Agusta kuwa, a jira ya janye. Ƙafa huɗu ba jirgin ruwa ba ne.

LISSAFI

Malam, ɗauki takarda. Rubuta kuɗin mota, da na kayan gyara, da ladan bakanike da mai walda, da taya, da batir, da lasin da inshora. Sa'an nan rubuta abin da ka biya bara na dakon taki da hatsi. In gonarka ba ta wuce eka biyar ba, amalanke da bijimai biyu sun fi maka: su yi huɗa, su yi dako, su ba ka taki, ka sayar da su da riba. Motar ta fi dacewa da mai fataucin hatsi, ko ƙungiyar manoma da za su haɗa kuɗi, su sa direba ɗaya, su ajiye littafin shiga da fita. Irin wannan mota ta kan yi wa gari rana, musamman in naƙuda ta zo wa mace da dare ana bukatar kai ta asibitin Kankia.

Wanda kuwa sha'awa ce ta kai shi, ba laifi, sana'a ce zai koya, yaransa ma su koya. Sharaɗi ɗaya ne: kada a taɓa hatsin rumbu, ko kuɗin iri da taki. A fara aikin bayan kaka, a yi shi da rarar da ta samu, ko da zai ci rani biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai tambaya ya aiko da takarda ta hannun Edita. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.