Ba Kullum Ne Laifin Netwok Ba

Yau shirin namu ya leƙa Haɗeja, wani shagon intanet da ke bakin kasuwa. Ɗalibi ya zo biyan kuɗin makaranta, ya danna maɓallin biya, 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa. Can sai alat ya shigo: an cire kuɗi, rasit kuwa ko alama. Mai shago ya ɗaga kafaɗa, ya ce, "Netwok ne, ɗan'uwa, ka dawo gobe."

Sau da yawa netwok ɗin lafiyarsa ƙalau. Shafin biya gida ne mai ƙofa biyu: ɗaya a burauzar da ke gaban ɗalibin, ɗaya a uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, wataƙila can Legas ko Turai. Abin da ya lalace a uwar garke yakan bar sawu a rajistarta. Wanda ya lalace cikin burauzar wata tsohuwar waya kuwa, nan yake mutuwa, mai manhajar bai ma san an yi ba.

Manomin fadamar Haɗeja ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ruwan da aka sako daga madatsun Tiga da Challawa ta Wudil yake bi kafin ya iso, kuma wanda ya auna shi a wuri ɗaya rabin labari ya samu; haka ma mai manhajar da ke duba rajistar uwar garke kaɗai.

Ga inda masu kai rahoton kuskure suka shigo, irin su Rollbar da Bugsnag da Sentry, wadda David Cramer ya fara a 2008. Tun da Ryan Dahl ya fito da Node.js a 2009, harshen JavaScript na burauza ya samu gindin zama a uwar garke, har kayan aiki iri ɗaya ke iya gadin ƙofofin biyu. Da shafi ya tuntsure, sai su rubuta layin da ya karye, da irin wayar, da maɓallan da aka danna na ƙarshe, su liƙa wa buƙatar biyan lambar shaida guda wadda za ta bi ta har uwar garke. Wasu ma, in an saita su, sukan ajiye rahoton a wayar sai sabis ya dawo, abin da ya fi komai dacewa da ƙauyukan bakin kogi da damina.

Sai dai rahoton kan kwaso abin da ba a aike shi ba, kamar lambar waya ko ta asusu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai manhaja alhakin kula da irin waɗannan, don haka tilas ya tace su kafin rahoton ya bar wayar ɗalibin.