Gaskiya Ɗaci Gare Ta

A ƙauyukanmu na Jazira da Nilul Azrak, iyaye da dama kan kauce in yaro ya tambayi dalilin da ake ce mana Fallata. Wasu har ɓoye masa asali suke yi, wai kada ya sha wuya wajen neman jinsiyya.

Alhali babu abin kunya. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya jawo jama'a gabas suka kafa Mayurno. Da aka gama madatsar Makwar a 1925, kakanninmu na cikin masu tsintar audugar Jazira. Rikicin Yuli 2022 da ya rutsa da Hausawan Nilul Azrak kuwa ya nuna ɓoyo ba ya tsare kowa.

Jama'a, a tausasa harshe, amma kada a rage labari. Yaron da bai ji daga bakin ubansa ba, a kasuwa zai ji, haɗe da gori.