Damargu: Wa zai yi jinyar masu taɓin hankali?

Duk wanda ya saba cin kasuwannin Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji da Bakin Birji, ya san ba a rasa mutum ɗaya ko biyu da ke yawo tsakanin rumfuna cikin tsumma, yara na bin sa da jifa. Mukan miƙa masa ragowar fura mu kawar da kai. To amma bayan waɗanda muke gani a kasuwa, akwai waɗanda ke kulle a ɗaka, wasu da mari a ƙafa, wasu a turu, saboda dangi sun rasa yadda za su yi.

Babbar matsalar ita ce nisa. Sashen masu taɓin hankali yana babban asibitin Damagaram, kusan kilomita 150 daga Tanut. Mai zuwa daga karkarar Belbeji, wadda ta zama gunduma a 2011, tafiyarsa ta fi haka wuya. Ga kuɗin motar mutum uku, domin ba a tafiya da irin wannan maras lafiya ba mai riƙo, ga abinci, ga magani. 'Yar kasuwar da jarinta bai taka kara ya karya ba, tafiya ɗaya ta isa ta cinye shi.

Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri a 2008, na koya wa malaman jinya na ƙananan asibitoci yadda za su gane waɗannan cututtuka su fara magani tun daga kusa da gida. Hukumar ta ce a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa.

Ita kuwa jinyar, aiki ne na kullum: a tabbatar ya sha magani a kan lokaci, ya ci, ya yi wanka, ya samu barci, a yi masa magana a hankali ba da tsawa ba, a kuma kawar da wuƙa da igiya da maganin ƙwari daga inda yake. Wanda ba ya yarda da ƙwaya, akwai allurar da ake yi wata-wata. Idan magani ya sa jiki sandarewa, ko rawar hannu, ko dalalar miyau, a koma wurin malamin jinya, akwai abin da ke warware shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne daina magani da zarar an ga sauƙi, sai ciwo ya dawo sabo. Addu'a da rubutun sha ba su hana magani ba.

Ku iyayenmu mata, ku sa ido a kan mai jego. Idan ta daina barci, tana sambatu, ko ta ƙi jaririnta, kada a jira sunan ya wuce, a kai ta asibiti a ranar. Haka yaron shago ko ɗan dako da ya shiga shan tramol.

An gwada jinyar cikin dangi an ga amfaninta. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan Aro da ke Abekuta a Nijeriya, kowa tare da ɗan'uwansa, ana yi musu magani ba tare da an raba su da jama'a ba.

Saboda haka muna kira ga hukumomin lafiya na jihar Damagaram da su horar da malaman jinyar Tanut da Belbeji, su kuma wadata su da magani. Su ma shugabannin kasuwa da masu adashi su ware wani abu na kuɗin mota ga wanda larurar ta shiga gidansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.