SHARI'A A GUNDUMOMIN AMURKA: MUTUM 12 KE YANKE HUKUNCI, AMMA WA KE ZAƁEN SU?

Masu iya magana sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. A ƙasar Amurka dokar ƙasa ta ɗora wannan haihuwa a hannun talakawan gari, wato waɗanda ake kira ƴan juri. Amma labarin wani ɗan jahar Misisipi da aka gurfanar har sau 6 bisa laifi guda ya nuna cewa mai ikon tace waɗannan mutane yana iya sanin hukunci tun kafin a buɗe zaman kotu.

Mai gabatar da ƙara na gunduma

Amurka ta ƙunshi jahohi 50, waɗanda aka rarraba zuwa gundumomi fiye da 3,000. Laifuffukan yau da kullum, kamar sata da fashi da rauni da kisan kai, galibi ba su zuwa gaban gwamnatin tarayya. Suna faɗawa hannun mai gabatar da ƙara na gunduma, ko na wani yanki da ya haɗa gundumomi kaɗan. Akwai irin waɗannan ofisoshi sama da 2,300 a faɗin ƙasar.

A tsarin da Nijar ta gada daga Faransa, naɗa mai gabatar da ƙara ake yi daga cikin alƙalan gwamnati. A mafi yawan jahohin Amurka kuwa zaɓen sa ake yi da ƙuri'a, yawanci na shekara 4, tamkar magajin gari. Shi ke cewa a tuhumi wane ko a sallame shi. Shi ke zaɓen laifin da za a ɗora masa, ƙarami ko babba. A jahohin da ke da hukuncin kisa, shi ke cewa a nemi ran mutum ko a bar shi. Kuma tun shekarar 1976 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce ba a iya kai shi ƙarar neman diyya bisa abin da ya aikata cikin aikin gabatar da ƙara.

Yawancin tuhumce-tuhumce ba su kaiwa gaban ƴan juri. Mai gabatar da ƙara yakan yi ciniki da wanda ake tuhuma: ya amsa laifi, a rage masa nauyin hukunci. A 2012 Kotun Ƙoli ta ambata cewa kashi 94 cikin 100 na waɗanda kotunan jahohi suka kama da laifi, ta wannan hanyar amsa laifi ne. Saboda haka ɗan abin da ya rage shi ne mai nauyi: wanda ya ƙi amsawa, ya tsaya kan cewa bai aikata ba, ba shi da wata kariya sai mutanen nan 12.

Yadda ake tace ƴan juri

Gyara na 6 da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791 shi ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a yi masa shari'a gaban ƴan juri marasa son kai. Ana kiran su daga jerin sunayen masu zaɓe ko na masu lasin tuƙi: manomi, malamar makaranta, mai kanti, direba. Alƙali shi ke jagorancin zama, yana bayyana musu doka, amma ba ya shiga ɗakin da suke shawara. In sun wanke mutum, magana ta ƙare, gwamnati ba ta da ikon ɗaukaka ƙara. In bakinsu bai zo ɗaya ba, shari'ar ta rushe, mai gabatar da ƙara kuma yana iya sake ta daga farko.

Kafin a zauna, lauyoyin ɓangarorin biyu sukan yi wa mutanen da aka kira tambayoyi. Wanda aka ga yana da dangantaka da mai laifi ko da wanda aka cuta, alƙali ya sallame shi. Bayan wannan kuma kowane ɓangare yana da damar cire wasu ƴan mutane ba tare da ya faɗi dalili ba. Nan ne ƙofar ɓarna take. Tun 1880 Kotun Ƙoli ta hana yin dokar da ke ware baƙar fata daga zama ƴan juri, amma aka ci gaba da ware su ta wannan ƙofa. A 1986, cikin shari'ar Batson da jahar Kentaki, kotun ta ce haramun ne a cire mutum saboda launin fatarsa, kuma in aka yi zargi tilas mai gabatar da ƙara ya kawo dalili. Sai dai dalili ba ya wuyar samu ga wanda ke neman sa.

Shari'a 6, mutum ɗaya

Ranar 16 ga watan Yuli na 1996 aka harbe mutum 4 a wani kantin sayar da kujeru da gadaje a Winona, ƙaramin gari mai mutane kimanin 5,000 cikin gundumar Montgomery. Mai kantin da ma'aikatanta 3 duk sun rasu. A watan Janairu na 1997 aka kama Curtis Flowers, baƙar fata mai shekara 26, wanda ya taɓa yin aiki na ƴan kwanaki a kantin. Ba a taɓa kama shi da wani laifi ba kafin nan. Ba wanda ya ga kisan da idonsa, ba a kuma samu bindigar ba.

Doug Evans, mai gabatar da ƙara na yankin, shi ya riƙe maganar daga farko har ƙarshe. A 1997 ƴan juri 12, dukansu farar fata, suka yanke wa Flowers hukuncin kisa. A 1999 aka sake, da farar fata 11 da baƙar fata 1, hukunci bai canza ba. Kotun Ƙolin Misisipi ta soke duka biyun saboda saɓa ƙa'ida da mai gabatar da ƙara ya yi. A shari'a ta 3, cikin 2004, Evans ya ƙarar da dukan damar 15 da yake da ita kan baƙar fata. Aka sake yanke kisa, kotun jaha ta sake sokewa, wannan karo saboda wariyar launi ƙarara.

A 2007 baƙar fata 5 suka samu shiga cikin ƴan juri. Baki bai zo ɗaya ba, shari'a ta rushe. A 2008, da baƙar fata 3, haka ta sake faruwa. Har aka tuhumi ɗaya daga cikinsu, wanda ya ƙi yarda da hukunci, da yin ƙarya gaban kotu, kafin daga baya a janye tuhumar. A 2010 aka koma ga farar fata 11 da baƙar fata 1, sai ga hukuncin kisa karo na 4. Mai lura zai ga abu ɗaya: shaidun kusan su ne dai na jiya, abin da ke canzawa shi ne fuskokin masu saurare, hukunci kuma yana bin su.

A 2018 ƴan jaridar wani shirin rediyo mai suna In the Dark suka bi diddigin maganar. Babban mai shaida, wani ɗan kaso da ya ce Flowers ya amsa masa laifin, ya faɗa musu cewa ƙarya ya yi. Sun kuma bincika shari'o'i 225 na ofishin Evans, suka tarar ana cire baƙar fata fiye da ninki 4 na yadda ake cire farar fata.

Hukuncin Kotun Ƙoli

Ranar 21 ga watan Yuni na 2019 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin 2010, da rinjayen alƙalai 7 bisa 2. Alƙali Brett Kavanaugh, wanda ya rubuta hukuncin, ya yi lissafi: cikin shari'o'in, mai gabatar da ƙara ya cire baƙar fata 41 daga cikin 42 da ya samu damar cirewa. A shari'a ta 6 ya yi wa baƙar fata 5 da ya cire tambayoyi 145, alhali farar fata 11 da aka zaunar tambaya 12 kawai ya yi musu. Yawan tambayar nan, a ganin kotun, neman hujjar sallama ne.

An ba da belin Flowers a watan Disamba na 2019, bayan kusan shekara 23 a gidan kaso, mafi yawansu yana jiran a kashe shi. Evans ya janye daga maganar, kuma ranar 4 ga watan Satumba na 2020 ofishin babbar mai gabatar da ƙara ta jahar ya janye tuhumar gaba ɗaya. A 2021 aka amince jahar ta biya shi diyyar dala 500,000, a kasa cikin shekara 10. Shi kuwa Evans, an sake zaɓen sa a ƙarshen 2019 ba tare da abokin takara ba, ya riƙe kujerarsa har 2023. Iyalan mutum 4 da aka kashe a Winona su ma sun yi hasara: shekaru sun wuce, babu hukuncin da ya tsaya kan wanda ya kashe musu ƴan uwa.

Gyare-gyaren da suka biyo baya

Wasu jahohi sun fara toshe wannan ƙofa. A 2018 jahar Washinton ta kafa ƙa'idar da ta ba alƙali ikon hana cire mutum, muddin mai kallo da idon adalci zai iya ganin launin fata cikin dalilin. Jahar Arizona ta soke cirewa ba dalili gaba ɗaya tun farkon 2022, kamar yadda Ingila ta yi a 1988. A 2020 kuma Kotun Ƙoli ta tilasta cewa a manyan laifuffuka ba a kama mutum da laifi sai dukan ƴan juri sun yarda, abin da ya kawo ƙarshen tsohuwar al'adar Luwiziyana da Oregon ta wadatuwa da ƙuri'a 10 cikin 12.

A sauran jahohi da dama damar cirewa tana nan yadda take, tana hannun mutumin da ke neman a kama wanda ake tuhuma da laifi. Sanya talakawa cikin shari'a hikima ce babba, domin tana hana mai mulki zama shi ne mai ƙara shi ne alƙali. Amma amfaninta ya rataya ga sharaɗi guda: kujerun nan 12 su zama na dukan mutanen gunduma, kuma masu zaɓe su riƙa duba aikin wanda suka ɗora bisa ofishin kafin su sake ba shi ƙuri'arsu.